Ƙafar Mudi

Na bar Mudi a bakin tasha tun ranar Lahadi,
jaka a hannu, da tikitin da ban rubuta garinsa ba.
Yau kwana tara yana tsaye a babi na sha tara.
Ko ruwa ban ba shi ba.

Ni ina Jidda, hawa na uku, tsohuwar unguwa,
inda iskar teku ke shigowa ta lashe takarduna
har su yi laushi kamar gurasar da ta sha romo.
Na'urar sanyi tana tari tun daren Juma'a.
Mai gidan ya ce gobe. Haka ya ce wancan mako.
Ban yi masa faɗa ba, yarenmu ɗaya:
ni ma gobe nake ce wa Malam Tasi'u.

Malam Tasi'u mai ɗab'i, yana can Kano,
saƙon muryarsa minti huɗu ne.
Uku gaisuwa: ya gida, ya zafi, ya ibada.
Na huɗun wuƙa ce a cikin kube:
"Hajiya Baraka, an sayi takarda, kuɗinta na hawa,
mai zanen bango ya gama, saura ke."
Saura ni.
Na saurara sau biyu, na dafa shayi da na'ana'a,
na wanke kofin da yake a wanke.

Da asuba sai jirgin ƙasa zuwa Madina.
Tafinta nake, shi ke biyan haya, ba labari ba.
Tsofaffi goma sha biyu daga Gumel,
ni ce bakinsu a gaban likita, a kanti, a ƙofar masauki.
Na sami taga, na ɗora kwamfuta a cinya,
baƙaƙen duwatsu suna ta komawa baya.
Na rubuta: Mudi ya ɗaga ƙafa,
sai Baba Ɗan'azumi ya taɓa ni, ina makewayi?
Na kai shi, na jira shi, na nemo masa takalmi ɗaya.
Da na dawo ƙafar na nan a sama,
batir ya mutu, na mance wayar caji a kan tabarma.

An ce ba a haɗa gudu da susar baya.
Shekara shida ina haɗawa,
ga gudun bai yi kyau ba, ga ƙaiƙayin yana nan.

Iya Tabawa ce a gefena, tana jan carbi,
idonta ɗaya a kaina.
"Wa ya mutu, 'yar nan?"
Na ce ba kowa, wani ne ya ƙi tafiya.
Na ba ta labarinsa daga ɗinkin da ya ɓata
har bashin da ya koro shi tasha.
Ta tauna dabino, ta tofar da ƙwallon a tafin hannu.
"Wanda ya kwana tara a tasha ba matafiyi ba ne.
Jiran wani yake ya ce masa dawo."
Ta koma kan carbinta
kamar ba ita ta rushe mini babi uku ba.

Na lalubo biro a ƙasan jaka,
na juya rasidin kantin magani,
sannan bayan jerin sunayen tsofaffina,
sannan gefen tikitin Baba Ɗan'azumi.
Ƙanwar Mudi ta shigo tasha da mayafi a karkace,
ban ma san yana da ƙanwa ba.
Ƙafar ta sauka. Ba gaba ta taka ba.

A Madina na ƙirga su, sha biyu cif,
na raba makullai, na nuna alƙibla, na nemo ruwan zafi.
Ƙarfe ɗaya na dare na ari caji wurin mai gadi,
na zauna a matakala ina kwafe rubutun da jirgi ya karkata.
Kalma biyu sun gagare ni karantawa, na ƙirƙiro wasu.

Na aika wa Malam Tasi'u saƙo, daƙiƙa shida, ba gaisuwa:
"Ba gobe ba. Jibi."